Ƙaura, Hijira da Gudu: Nazari a kan Tashin Garuruwa a Ƙasar Birnin Gwari

Abin da wannan 'yar takarda ta nufa shi ne a duba kalmomin da Bahaushe ya ke aiki da su sa'ad da ya ke maganar mutumin da ya bar garinsu ba da son ransa ba, a kuma gwada su da abin da ya auku a Dogon Dawa da sauran ƙasar Birnin Gwari tun daga shekarar 2012. Mai karatu ya yi haƙuri da ɗan tarihin da za mu fara kawowa, gama ba a iya auna kalma sai an san irin kayan da aka ɗora mata.

Dogon Dawa gari ne a gabashin ƙasar Birnin Gwari, cikin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa. Yana ɗaya daga cikin gundumomi 11 na ƙaramar hukumar, tare da irin su Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Kazage da Randagi da Kakangi. Sunan kansa abin lura ne. Kalmar dawa iri biyu ce a Hausa, rubutu ɗaya, lafazi dabam: akwai dawa ta tuwo, mai dogon wasali a gaɓar farko, ita mace ce, akwai kuma dawa watau daji, mai gajeren wasali, shi namiji ne, shi ne na cikin naman dawa. Da hatsi a ke nufi, da sai a ce Doguwar Dawa. Da ya ke Dogon aka ce, nahawu kaɗai ya isa ya shaida mana daji a ke nufi. Haka kuwa ƙasar ta ke. A nan ne dajin Kamuku ya ke, wanda aka keɓe a 1936, zamanin En'e, aka mai da shi gandun daji na Gwamnatin Tarayya a 1999. Yana haɗe da dajin Kuyambana wanda ya shiga Zamfara, kuma mai tafiya da ƙafa ya iya bin kurmi daga nan har kudancin Katsina ko ƙasar Neja ba tare da ya hau kwalta ba.

A dā ba a san garin ba sai a kasuwa. Ran Lahadi 14 ga Oktoba 2012 kuwa sunansa ya shiga kowace jarida, gama da asubahin wannan rana 'yan bindiga suka faɗa masa, suka kashe mutum wajen 20, da yawansu suna fitowa daga masallaci. Bayanin da aka bayar a lokacin shi ne ramuwar gayya ce ta ɓarayi a kan 'yan banga da suka takura musu. Daga nan abin ya yi ta gaba. Satar shanu ta yawaita har gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa hannu aka tura soja ciki a 2015. A watan Maris na 2018 aka kashe soja 11 a Kampanin Doka, a watan Mayu na wannan shekara kuma aka auka wa Gwaska, mutum fiye da 40 suka halaka. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Kaduna ta sa aka yanke wayar tarho a yankin har wajen wata biyu. A daminar 2022 mutanen Damari, cikin gundumar Kazage, suka fice daga garinsu bayan faɗa tsakanin 'yan Ansaru da ɓarayin daji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya tura jama'a hanya: waɗansu suka shige Birnin Gwari, waɗansu Funtuwa da Dandume, waɗansu Giwa da Zariya, waɗansu Kaduna.

To, me a ke kiran waɗannan mutane? Rediyo da jarida sun riga sun yanke: 'yan gudun hijira. Amma harshen yana da kalmomi uku a nan, ba ɗaya ba, kuma kowacce da nata nauyi.

Ƙaura ita ce mafi sauƙi. Mutum ya kwashe iyalinsa da kayansa ya sāke mazauni, ko don neman gona, ko don ruwa, ko don ya saɓa da dagaci. Akwai shiri a cikinta, akwai sallama da maƙwabta, kuma galibi ba a sa ran komowa. Shi ya sa in dattijo ya rasu a kan ce ya ƙaura. Birnin Gwari kanta ta taɓa yin ƙaura irin wannan, sa'ad da aka bar tsohon birni aka koma bakin babbar hanyar mota, har yau a na bambanta tsohon gari da sabo. Haka kuma abin da Gwamnati ta yi wa mutanen Ancau a zamanin Turawa saboda ciwon barci, da aka gina musu Takalafiya, da abin da aka yi wa na ƙasar Yawuri da Busa kafin a rufe madatsar Kainji a 1968: tilas ce, amma tilas mai takarda da ranar tashi. Ƙaura ba ta yi daidai da cin rani ba, don mai cin rani ya bar gida ne da niyyar ya komo da saukar damina.

Hijira kuwa Larabci ce, ta shigo da addini, ta kuma riƙe darajarta. Asalinta tashin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, wadda daga ita a ke lissafin shekarun Musulunci. A ƙasar Hausa kalmar ta sami sabon ƙarfi a watan Fabrairu na 1804, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel ya tafi Gudu, ta kuma ƙara samunsa a 1903, da Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'a tasa bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, sauran suka wuce har suka kafa Mai Wurno a Sudan. Mai hijira a wannan ma'ana ya zaɓa ne. Ya auna addininsa da ƙasarsa, ya fifita addini, yana da shugaba a gaba, yana kuma sa ran lada.

Gudu ba shi da wannan daraja ko kaɗan. Na ɓarawo ne, na bawa, na matar da ta yi yaji, na mayaƙin da ya ba da baya. Ko da ya ke a na cewa gudu da waiwaya shi ke kawo mugun zato, ba a yabon gudun da ba waiwaya ɗin ma. Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kansa shi ne yadda aka ɗaure waɗannan kalmomi biyu wuri ɗaya aka ce gudun hijira. A ganina kowacce tana gyara 'yar'uwarta. Hijira ta rufa wa gudu asiri, ta nuna ba tsoro ne na banza ya kori mutumin ba, zalunci ne. Gudu kuma ya faɗi gaskiyar da hijira ta ɓoye, watau ba shiri, ba guzuri, ba jagora, wani ma ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Harɗaɗɗen suna ne mai kyau, kuma bai kamata a raina shi don gidajen rediyo ne suka yaɗa shi ba.

Sai dai in aka saurari yadda mutanen karkara su ke ba da labarin abin da ya same su, za a tarar ba su cika dogara ga suna ba. Aikatau su ke juyawa. A nan ne tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 ya ke da amfani ƙwarai. A ɗauki waɗannan jimloli, dukansu Hausa ce daidai: mun tashi, mun taso, an tashe mu, an taso mu, garin ya tashi, an tashi garin, garin ya watse. Mai cewa mun tashi ya riƙe mutuncinsa, shi ne mai aikin, bai ambaci kowa ba. Mai cewa mun taso ya ƙara da wasalin aji na 6, wanda ke jawo aiki zuwa inda mai magana ya ke, watau ya riga ya fara kallon duniya daga masauƙinsa, ba daga garinsu ba. An tashe mu da an taso mu sun shigo da wani hannu, amma sun ɓoye mai shi a bayan wakilin suna an. Wannan ɓoyewa ba ƙaramin abu ba ce. A wurin da mutum bai san ko maƙwabcinsa a kasuwa ɗan leƙen asirin mutanen daji ne ba, an ta fi kowace kalma tsaro. Don haka ne ma a ke ta ji a na cewa mutanen nan, ko yaran daji, ko kuwa su kurum, a maimakon ɓarayi.

Tsakanin ya tashi da ya watse akwai tazara mai nisa, kuma a nan na ke so malamai su dakata. Garin da ya tashi yana iya tashi gaba ɗaya, da mai unguwa da liman da maƙeri, ya sauka wani wuri ya ci gaba da zama gari. Haka Haɓen Zazzau suka yi bayan jihadi, suka bi Makau zuwa kudu, har Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda a yanzu a ke kira Suleja. Haka Katsinawa suka yi a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Sun tafi da tambari da sarautu da makaɗa, har yau a na ce wa mai mulkin Maraɗi Sarkin Katsina. Watse kuwa aji na 4 ne, mai nuna aiki ya kai iyaka, ba saura. Garin da ya watse ya daina zama gari: wa ya yi Funtuwa, ƙane ya yi Zariya, uwa tana wajen 'yarta a Kaduna, liman yana gadi a wani kanti. Mafi yawan abin da ya sami ƙauyukan gabashin Birnin Gwari watsewa ne, ba tashi ba. Hasarar ba ta tsaya ga rumbu da shanu ba. Gayya ta tafi, adashi ya tafi, wanda zai tsaya wa yaro waliccin aure ya tafi, wanda ya san iyakar gonar wane da wane ya tafi.

Ƙasar ba baƙuwar irin wannan ba ce. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kontagora sun yi ta kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku suna kamun bayi, har Turawa suka shiga Kontagora a 1901. Mutane suka haye duwatsu, garuruwa suka zama kufai. Harshen ya ajiye shaidar wannan zamani da sauran irinsa a sunayen wurare: inda duk ka ji Kufai ko Kango, an taɓa zama an tashi, inda ka ji Tunga ko Sabon Gari ko Unguwar wane ko Gidan wane, wani ne ya zo daga baya ya sari daji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kalmomin wancan zamani suka farka daga barci. Fansa a dā kuɗin da a ke biya ne a karɓo wanda aka kama a yaƙi, ko bawa ya sayi kansa; mun ɗauka ta koma littattafan tarihi da na fiƙihu, sai ga ta a bakin yara. Garkuwa ta fatar mayaƙi ce, yanzu mutum a ke yin garkuwa da shi. Kuɗin da a ke yanka wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi, wanda Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari ta sha kai kuka a kansa, ya yi kama ƙwarai da zaman amana na dā, inda ƙaramin gari ke biyan gaisuwa don kada a kai masa hari. Banga ce kaɗai sabuwa a cikinsu, ita ma daga Turanci aka aro ta a siyasar shekarun 1950.

Yanzu sai mu juya ga doka, inda Hausa ta haɗa abin da Turanci da Faransanci suka raba. A dokar duniya mutum iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya ƙetare iyakar ƙasarsa. Shi ne Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta yi magana a kansa, da ƙarin da aka yi mata a 1967, da kuma yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 wadda ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da mai gudun yaƙi da tarzoma. Na biyu shi ne wanda aka raba da gidansa amma yana nan cikin ƙasarsa. Shi wannan an daɗe ba a yi masa tanadi ba, sai a 1998 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ƙa'idodin da Francis Deng, mutumin Sudan, ya shugabanci tsarawa, sa'an nan Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta kuma fara aiki a Disamba na wannan shekara, wata biyu bayan harin Dogon Dawa. Gwamnatin Tarayya ba ta zartar da tata manufa a kan irin waɗannan mutane ba sai a 2021.

A gwada mutum biyu. Ɗaya manomi ne daga wajen Sabon Birni ko Isa a Jihar Sakkwato, ya yi tafiyar yini guda ya shiga ƙasar Maraɗi, kamar yadda dubban mutane suka yi tun daga 2019. Ya sauka cikin masu harshensa, watakila ma danginsa, amma da ya ke ya tsallake layin da Ingila da Faransa suka ja, ya shiga hannun hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a na rubuta sunansa, a na iya kai shi ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tanada, kamar Garin Kaka ko Cadakori. Ɗayan kuma manomi ne daga Dogon Dawa, ya yi tafiyar da ta fi ta wancan nisa ya sauka Zariya. Shi nauyinsa a wuyan Gwamnatinsa ya ke, watau ita wadda ta kāsa tsare shi a gida. Dukansu biyu ɗan gudun hijira Bahaushe zai kira su, kuma ba za a ce Bahaushe ya yi kuskure ba, don iyakar ba da shawararsa aka ja ta ba. Amma mai fassarar takardar hukuma ba shi da wannan uzuri. Masu labarai sun gwada 'yan gudun hijira na cikin gida, waɗansu kuma waɗanda rikici ya raba da muhallansu. Ta farko ta fi kusa da bakin mutane, sai dai gida a nan yana da ruɗarwa, tun da gidan ne aka rasa. Ni dai na fi son a ce na cikin ƙasa da na ƙetare. Gajeru ne, kuma sun faɗi ainihin abin da doka ta duba.

Akwai wata matsala da ta fi fassara girma, ita ce ƙidaya. Sa'ad da hukumar ƙaura ta duniya ta fara lissafin irin waɗannan mutane a arewa maso yamma a 2019, abin da ya fito fili shi ne mafi yawansu ba a sansani su ke ba, cikin gari su ke, a gidajen mutane. Ita kalmar sansani ma, a tuna, ta yaƙi ce, inda runduna ke sauka kafin ta auka wa gari. Ba abin mamaki ba ne magidanci ya ƙi jininta. Abin da ya sani shi ne baƙunci. Ya sauka a zauren ƙanen ubansa, ko a shagon da wani attajiri ya ba shi aro, ko a kangon da ba a gama gininsa ba. In malamin ƙidaya ya tambaye shi ko shi ɗan gudun hijira ne, yana iya cewa a'a, shi ya zo wajen 'yan'uwa ne kafin ƙura ta lafa. Bai yi ƙarya ba, amma ya fita daga littafi, rabon hatsi da na magani kuma da littafi a ke yinsa. Da za a tambaye shi da aikatau, a ce yaushe kuka taso, me ya taso ku, kun yi noma bana, da amsar ta sha bamban. Ga shi kuwa al'adar da ta ɗauki wannan nauyi ba don shi aka gina ta ba. Baƙo raɓa ne, in ji masu magana, watau hantsi na yi ya tafi. Baƙon da ya shekara uku da mata biyu da 'ya'ya tara ya wuce abin da karin maganar ya tanada, mai masauƙi kuma talaka ne kamarsa, kunya ta hana shi magana.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi shelar sulhu da waɗansu shugabannin 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, motoci suka koma bin hanyar Kaduna. Waɗansu iyalai suka koma ƙauyukansu. A nan ma aikatau ya fi suna faɗin gaskiya. Wanda ke Zariya in ya ce za mu koma, zuciyarsa tana can. In ɗansa da aka haifa a Tudun Wada ya ce za mu je, an riga an yi hasarar da sulhu ba ya mayarwa. Komawar kuma tana tafe da nata shari'o'i, gama gonar da aka bari shekara biyar ta zama saura, wani ya noma ta, sai an zauna an rarrabe ko aro ne, ko jingina, ko saye, ko gado, ga shi shaidun sun warwatse.

Saura abin da ya shafi malaman koleji kai tsaye. Ɗaliban da ku ke horarwa za su shiga azuzuwa a Funtuwa da Giwa da Zariya da Rigasa su tarar da yaro ɗan shekara 12 wanda bai gama aji 2 ba, don an rufe makarantar garinsu, ko kuwa uwaye sun janye shi bayan sace 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, a watan Maris na 2024. Hausarsa za ta ɗan bambanta da ta 'yan ajin, za a yi masa dariya a ce baƙauye, shi kuma zai yi maza ya yar da ita. In gidansu masu jin Gwaranci ne ko Kamukanci, harshen gida ne zai fara tafiya, tun da ba kaka a kusa da za ta yi masa tatsuniya da shi. Malamin Hausa yana iya juya wannan ya zama darasi: ya sa yaran su kawo sunayen unguwanni da fadamu da duwatsun garinsu, da sunayen itatuwa da ciyayin daji, da yadda a ke kiran kayan noma da irin dawa da masara a can, a rubuta a allo, a gwada da na 'yan birni. Ya kamata kowane ɗalibi mai gwajin koyarwa a waɗannan garuruwa ya tafi da littafi guda don wannan aiki, ya rubuta garin yaro da gundumarsa da shekarar da suka taso a gefen kowace kalma, ya kuma kawo wa sashe kwafinsa a ƙarshen zango.